Fasassun Tayil da Inna Ta Bari

Matan da suka zo mana gaisuwar Inna, yawancinsu ƙasa suka riƙa kallo. Na ɗauka alhini ne, sai daga baya na lura shafa daɓen tsakar gidan suke yi da tafin ƙafa. Wata ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙaƙa haƙuri?" Kafin in amsa har ta nuna wani guntun tayil kore da yatsa. "Irin wanga na bakin murhuna. Rana guda munka tsinto su, ni da ita."

Inna uwar mijina ce. Ni matar autanta ce, kuma tun da aka kawo ni wannan gida na Gawon Nama ƙofar ɗakina ke kallon tata. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma na ga in ban rubuta ba, jikokinta da ba su yi wayo ba za su tashi su ji ana cewa "tsohuwar nan mai buhu," su ɗauka iyakar labarin ke nan.

Kowa da irin gaisuwarsa. Tsofaffin Dundaye, can inda aka haife ta, mota guda suka cika. Suka zazzauna a inuwa suna jan carbi, babu mai hawaye. Ƙanwarta ce kawai ta dubi bangon madafi, rabi shuɗi rabi ruwan ƙwai, ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Har ta koma ga Allah ba ta samu fenti guda da ya ishi bango ba." Wani birkila da ba mu taɓa gani ba ya tsaya a zaure ya ce wa mijina, "Ita kaɗai muka bari ta ɗibi fasassun tayil kyauta. Yanzu mutane sun waye, saida su aka yi." Ya yi addu'a ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Yaya babba, wato babban ɗanta mai sayar da hatsi a kasuwa, duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce, "Ta huta. Wallahi ta huta da ɗaukar kaya." 'Yarta mace guda ɗaya, wadda muke kira Yaya ta Tudun Wada, tana zaune cikin ɗakin Inna, ba ta kuka, ba ta magana. In wata ta yaba aikin bango ko na ƙasa, sai ta kau da kai.

Wadda ta fi kowa kuka ba ma dangi ba ce. Maƙwabciyarmu ce ta bayan katanga, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta yi ta yi har tsofaffi suka tsawata mata, "Ke, ba a yi ma mamaci haka." Na san tana son Inna. Amma na san sauran abin da ke cikin kukan, domin da ni aka fara aikin.

Ɗanta ɗaya ne tal, mai gyaran babur, an sa masa ranar aure. Dangin amarya suka zo ganin ɗaki, kamar yadda ake yi kafin jere. Aka nuna musu inda za a sa ta, tsohon ɗakin ajiya, ƙasa rairayi, bango duk baƙin hayaƙi. Goggon amarya, wadda ita ce bakin dangin, ta tsaya a ƙofa, ko shiga ba ta yi ba. Ta ce za su sake dawowa sau ɗaya kafin biki. In sun tarar ɗakin ya zama ɗaki, to. In ba haka ba, ango ya nemi haya wani wuri ya kai matarsa. Maƙwabciyar nan ba ta da kowa a gidan sai shi. In ya fita, ita kaɗai za a bari. Ranar ta leƙo ta kan katanga ta faɗa wa Inna. Inna na tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Shi sawo siminti. Sauran nawa na." An kankare bango, an yi fenti, an fara ƙasa daga bakin ƙofa. Ba a yi nisa ba Inna ta kwanta.

Wanda bai san ta ba zai ce me tsohuwa ta sani a harkar gini. A Dundaye ta koya tun tana budurwa, zamanin da mata ke taruwa su yi wa amarya daɓe. A zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har wurin ya yi santsi yana ƙyalli. A bakin ƙofa kuma a jera tsingaro, wato fasassun tukwane, don kada ruwa ya ci wurin. Da aure ya kawo ta birni ta ga siminti ya kashe daɓe, ba ta yi wani baƙin ciki ba. Cewa ta yi tayil da ya fashe ai tsingaron masu kuɗi ne, ta ci gaba da abin da ta iya.

Da hantsi take fita, buhu a naɗe ƙarƙashin mayafi. Duk inda ake gini tsakanin unguwarmu da bakin titi ta san shi. Ta san ranar da masu tayil za su gama. Ta san mai fentin da ke barin ɗan saura a gindin galan, ta san wanda ke kwankwatse shi tas, kuma na biyun ba ta gaishe shi da kyau. Kafin azahar ta dawo, wata rana buhu a ka, wata rana mai baro na biye da ita suna ciniki tun daga titi. Komai bayan madafi take kai shi, inda ta yi rumfa da tsohon kwano. Can ne taskarta. Tayil kala-kala, galan-galan na fenti da ta toshe bakinsu da leda, guntayen katako, ƙusoshin da ta miƙe da dutse, marfin taga babu taga. In kika ɗauki abu za ki jefar a bola, ko salla take yi sai kin ji gyaran murya.

Ba zan ce duk aikinta kyau gare shi ba, ba ta ma son a yi mata ƙarya. Daɓen tsakar gidanmu akwai wuraren da ke yankan ƙafa, duk yaron da ya tashi a gidan nan da tabonsa. Akwai kwarin da ruwa ke kwanciya kusa da famfo tun shekarar da aka yi shi, in an yi magana sai ta ce kaji ma na son wurin sha. Kantar da ta kafa mini ta jera kwanoni, da marfin tsohuwar durowa ta yi ta, a karkace take, har yau guntun bulo ke tallafe da ita. Ta taɓa yi wa ɗakinta silin da kwalaye, ta shafe da farar ƙasa, ya yi kyau ƙwarai har zuwa ruwan farko, ya sauko mata a ka tana cin tuwo. Ta kwashe, ta shanya kwalayen, ta ce ba laifinsu ba ne, laifin kwanon rufi ne. Fenti kuwa, inda ya ƙare nan launi ke sauyawa, ko da tsakiyar bango ne. Mijina ya taɓa ce mata, "Inna, ɗakin ga awa zanen atamfa." Ta ce, "Kai da ko burushi ba ka saye ba, bakinka ya yi tsawo."

Duk da haka, ki shiga gidajen layinmu ki gani. Wannan bakin murhu, wancan makewayi, wata dokin ƙofa, wata gindin randa. Ba ta karɓar komai sai goro da fura mai sanyi. Sharaɗinta ɗaya ne, mai ɗaki ta durƙusa a yi da ita. Takan ce, "Ba ni yi ma macce aiki tana tsaye tana kallona." Wata amarya 'yar gayu ta taɓa ce mata ai lalle ne a hannunta, ba za ta iya taɓa siminti ba. Inna ta naɗe buhunta ta fito. Sai da uwar mijin ta biyo ta har gida da ban haƙuri, amaryar kuma ta wanke lallen.

Ni ma mun taɓa yi da ita. Cikin kayan ɗakina akwai farantan tangaram masu jan fure da mahaifiyata ta saya mini. Ɗaya ya faɗi ya fashe, na kasa jefarwa, na ƙulle a tsumma na tura ƙarƙashin katifa. Na tafi gida wankan jego, na dawo na tarar da jajayen furannin nan a bakin ƙofata, cikin siminti, kowa na takawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, na uwata na hwa." Ta ce, "Shi ya sa ban kai shi ƙofar kowa ba sai taki." Ban ce ta yi daidai ba, har yau ban ce ba. Tsallake wurin dai nake yi in zan shiga.

Rigimar da ta daɗe ita ce tasu da Yaya ta Tudun Wada. Mijin Yaya ɗan kasuwar yadi ne, Allah ya buɗa masa, ya rushe tsohon gidansu ya yi sabo, tayil tun daga zaure har makewayi. Ranar da aka kira dangi ganin gida ni ma na je. Ana zaune a falo da dangin mijin ana shan lemo, sai aka nemi Inna aka rasa. Can aka hango ta bayan gida kan tulin sharar gini, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana tsince tayil tana zubawa a buhu, leburori na taya ta. Wata ƙanwar mijin ta leƙa ta taga ta ce, "Wace ta wagga, mai tsince-tsince?"

Yaya ta tashi ta fita. Ina jin su daga inda nake, don ni kunnena ba ya barin magana ta wuce.

"Inna, don Allah. Yau guda dai."

"Mi niy yi? Zubarwa za su yi."

"Su zubar! Nasu na."

"To ji nan. Wurin wanke-wanken ga naki na baya, ba su sa mashi komi ba, ƙasa ta. Ki bar ni in zo in jera maki shi, waɗanga sun isa."

"Gidan ga ba a sa mashi tsince-tsince, Inna. Ki bar ma mutanen Gawon Nama."

Inna ta miƙe. Ta ƙulle bakin buhun, ta ɗora a ka, ta bi ta tsakiyar falon da shi ta gaban kowa ta fita. Bayan haka ba su daina gaisawa ba. Yaya na zuwa duk Juma'a da cefane da sabulu, in salla ta zo ta kawo atamfa. Amma Inna ba ta sake kwana a Tudun Wada ba, Yaya kuma ba ta sake zama a tsakar gidanmu ba, daga ƙofa sai ɗakin Inna. Haka suka yi shekaru, babu wadda ta sake tayar da maganar.

Cikin jinyarta Inna ba ta yi wani dogon jawabi ba. Abin da na fi ji daga bakinta shi ne ko an rufe galan ɗin fentin da aka buɗe, kada ya bushe. Na ce an rufe. Ta ce in je in duba. Na je na duba.

Da aka tashi daga zaman makoki, maƙwabciya ta aiko a tambaye ni ko za a ci gaba. Lokaci ya matse, simintin da ɗanta ya sayo na jingine a bango, in ya daɗe daskarewa zai yi. Na ɗauki buhu na nufi bayan madafi. Yaya babba na tsugune yana alwala, ya ce, "Amarya, ina za ki da shi?" Shi har yau amarya yake ce mini, ga 'ya'yana sun kusa tsawona. Na faɗa masa. Ya ajiye buta.

"A'a. Aje. Kayan mamaci na yanzu. Ko allura ba a taɓawa sai an raba."

"Yaya, fasassun tayil na hwa."

"Na sani. Ni ma dariya abin shika ba ni. Amma akwai haƙƙin mutum uku ciki, ba ni bari ki ɗauki zunubi bisa shara."

Aka tambayi limamin unguwa, ya ce gaskiyar Yaya babba ce. Inna ta yi alkawarin aiki, amma ba wanda ya ji ta ce ta bayar da kayan. Abin da aka riga aka sa a ƙasa ya tafi, abin da ke cikin rumfa na magada ne. Sai fa in dukkansu sun yafe. Magadan su uku ne, Yaya babba, da mijina, da Yaya ta Tudun Wada. Mazan nan take suka ce sun yafe, mijina har da cewa a haɗa da rumfar. Aka buga wa Yaya ta Tudun Wada waya. Ta ce, "Ban yahe ba. A raba."

Mu dai mun ɗauka so take a kira 'yan gwangwani su kwashe a share wurin, abin da ta daɗe tana so. Ƙanwar Inna ta ce ƙeta ce kawai. Maƙwabciya ta daina leƙowa ta katanga. Ina jin ƙarar tsintsiyarta safe da rana da yamma, a gidan da babu mai ɓata shi.

Ranar rabo aka shimfiɗa wa liman tabarma a tsakar gida. Rabon sauran kaya bai ɗauki lokaci ba, tufafi ne da 'yan kwanoni da akuya. Sai aka zo kan rumfa, aka fito da komai rana. Liman ya gyara zama, ko murmushi bai yi ba, ya ce kashi biyar za a yi, namiji biyu, mace ɗaya. Ya tambaya da me za a auna. Aka aro kwanon sarki, irin wanda leburori ke ɗaukar kankare da shi. Yaya babba ya naɗe hannun riga, shi da ya saba awon gero. Ya cika kwano, ya kai hannu zai share samansa yadda yake yi a kasuwa, tayil ya tsaga masa tafi. Ya yarfe hannu ya ce, "Haba Inna, har yanzu?" Mu mata muka fashe da dariya a bayan labule, har da masu share hawaye. Fentin kuma da tsinke aka auna, a tsoma a ga inda ya jiƙa. Yaya ta Tudun Wada na tsaye, jaka a hannu, tana bin kowane kwano da ido. Da aka zo nata ta ce, "A cika shi awa na maza." Aka cika. Direbanta ya juye a buhu ya sa a bayan mota, da galan guda na kore. Ko ɗaki ba ta shiga ba ta tafi.

Kashi huɗun muka kwasa zuwa bayan katanga, ni da maƙwabciya da ƙanwar Inna, wadda ta fasa komawa Dundaye. Ban taɓa jerawa da hannuna ba, miƙo wa Inna kawai nake yi, amma ido ya gani. A jiƙa ƙasa, a kwaɓa siminti da yashi kada ya yi ruwa, a shimfiɗa kaɗan-kaɗan, a nutsa guntu, gefen kaifi ya kalli ƙasa, a daddanna da katako. Ƙanwar Inna na kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni. "Ba nan ba, ke! Fari kusa da fari? Ba ki gani na?" Inda Inna ta tsaya da inda muka ɗora, ko baƙo zai gane, nata ya fi matsewa. Mun yi ta buɗa tsakanin guntayen don su kai, duk da haka ba su kai ba. Kusurwar ciki ta hannun dama ta rage, wuri kamar faɗin tabarma. Ango ya zaga wuraren gini bayan ya tashi aiki, ya dawo da abin da bai cika leda ba. Duk inda ya je sai a ce masa saye ake, shi kuwa siminti ya riga ya cinye abin hannunsa.

Ni ba mai fita ba ce, amma na nemi izini na hau keke napep zuwa Tudun Wada. Ina tafe ina shirya maganar da zan yi mata, mai taushi da mai zafi. Mai aikinta ta ce tana baya. Na bi ta falo, na bi ta madafi, na fita wurin wanke-wanke. Yana nan yadda yake, ƙasa, da ɗan kwarin ruwan sabulu. Yaya na zaune, ta tattare zane, baho a gabanta. Wanke tayil ɗin take yi ɗaya bayan ɗaya da soso, tana jerawa a tabarma su bushe, kore gefe, fari gefe. Yatsunta biyu naɗe da tsumma.

Na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"An aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, Yaya. Ɗakin na bai kai ba. Kusurwa guda ta rage, kuma goggon amarya na tahe."

"Na ji."

"In da za ki ba mu ko rabi."

"Ba ni badawa."

Ta ɗauko wani guntu fari mai zanen toka, ta juya shi a hannu.

"Kin gane wanga? Na falona na. Tun ranan nan. Ta aje su shekara da shekaru, ba ta sa ma kowa ba." Ta tsoma shi a ruwa ta sake wankewa, alhali ya fita. "Duk gidan da kinka shiga unguwarku akwai hannun Inna, har makewayin mutane. Ni ɗiyarta, gidana babu ko taki guda."

Na ce, "Gaskiya ta, Yaya."

Ba ta ji daɗin amsar ba, na gani a fuskarta, amma ba ni da wata. Can ta ce, "Yashi ƙaƙa aka sa ma siminti?" Na faɗa mata yadda na gani. Na ce kuma gefen kaifi ƙasa yake kallo. Ta ce in sake faɗi. Na sake. Ta sa aka kawo mini lemo, na sha, na dawo hannu wofi. Maƙwabciya na tsaye a ƙofar gidanta tana jirana. Ta dubi hannuna, ta koma ciki.

Kusurwar da zallan siminti muka shafe ta. Ta fito toka-toka, kamar faci a sabuwar riga. Maƙwabciya ta shimfiɗa tabarma a kai, ta ɗora sallaya da carbi, wai a ɗauka wurin salla ne.

Goggon amarya ta zo da hantsi, ita da mata biyu da igiyar awo. Wannan karon ta cire takalmi ta shiga. Ta dubi bango, shuɗi daga ƙasa zuwa ƙirji, sama kuma ruwan ƙwai.

"Wa yaz zaɓi launin ga?"

Ta taka ƙasa a hankali, tana jan tafin ƙafa ko za ta ji kaifi. Ta tsaya wajen ƙofa inda Inna ta yi, ta matso tsakiya inda muka yi, ta ce, "Hannu biyu na." Sannan ta nufi kusurwa, ta sunkuya ta ɗauke sallaya da carbi ta miƙa wa ta kusa da ita, ta sa ƙafa ta ture tabarmar. Simintin bai ma gama bushewa ba.

"Nan hwa?"

Maƙwabciya ta dube ni. Sai ni na ce, "Goggo, mai aikin ta rasu ba ta gama ba. Anka raba kayanta. Ɗiyanta maza sun bar ma ɗakin ga nasu. Nan rabon ɗiyarta macce na, ta ɗauki abinta."

"Anka raba mi? Fasassun tayil?"

"Su tab bari."

"Kuma liman ya zamna ya raba?"

"Da kwanon sarki."

Ta dube ni, ta dubi maƙwabciya da ke murza bakin mayafi, ta koma ta daɗe tana kallon facin. Ɗaya daga cikin matan ta fara cewa, "Goggo, ni dai a ganina," ta ɗaga mata hannu. Ta karɓi igiyar, ta durƙusa da ƙyar tana dafa bango, ta auna facin tsawo da faɗi, ta ƙulla igiyar daidai inda ya tsaya. Ta miƙa wa matar.

"Ki kai ma kafinta. Durowar da shika yi nan za ta zamna, shi ƙara mata faɗi ta ruhe wurin ga duka." Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Labule kuma a sawo fari, ɗakin ya ishi kansa launi. Ranar Alhamis muna tahe da kaya."

Maƙwabciya ta zame ta zauna a ƙasa, kan tayil ɗin, ta rufe fuska da mayafi. Goggon ta kewaye ta, ta sa takalminta. Har ta fita ta juyo.

"Wace ta ma, mai aikin?"

Na ce uwar mijina ce.

Ta ce, "Allah shi jiƙanta. Shi sa ta ishe nata ɗakin an gama."

Muka ce amin.